Garwashin Apa

Ina da shekara takwas muna zaune a unguwar Hay el-Sabi' a Alƙahira, Abba yana karatun addini. Umma ba ta da kowa a garin. Larabcinta bai wuce na sayen tumatir ba, kewar Katsina duk ta ramar da ita.

Wata magariba ta lokacin sanyi ashanarmu ta ƙare. Umma ta miƙo min murfin tukunya kamar a gida, ta ce, "Je ki ɗebo mana wuta." Ƙofar da ke kallon tamu ta wani ɗalibi ce ɗan Kazakistan da mahaifiyarsa, tsohuwar da ake kira Apa, wadda ba ta rabo da garwashi a kasko. Apa ta dubi murfin, ta girgiza kai. Na koma gida da shi wayam.

"Har wuta ake rowa a garin nan?" in ji Umma. Ta juya baya don kada in ga hawayenta.

Ba a jima ba sai ga Apa. Ta sure tukunyarmu, ta ce, "Yalla!" wato mu je. A kaskonta tuwonmu ya dahu. Ɗanta ya bayyana mana cewa a wurinsu wuta uwa ce, ba a ba bare ita bayan faɗuwar rana, sai dai bare ya zo gabanta.

Tun daga ranar, a ɗakin Apa muke hira. Apa takan ɗiga man shanu a garwashin don girmama wutar kafin ta fara tatsuniya, Abba ya yi gyaran murya ya dubi rufi. Wadda na fi so ita ce ta 'yan'uwa uku. Manyan suka kwashe dawakin gado, suka bar wa auta murhu. Ƙanƙara ta sauko ta kashe dabbobi, manyan suka ɓata a fili, hayaƙin auta ne ya dawo da su gida. "Auta ne mai wuta," Apa takan ce da gurgun Larabci, ta ja kunnena, don ni ce auta.

Bayan shekara uku Apa da ɗanta suka tashi komawa ƙasarsu. Magaribar ƙarshe aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Apa ce, da garwashi jajur a murfin tukunya. Ta miƙa wa Umma, ta ce, "Khalas, shi ke nan, ke 'yata ce." Wannan karon Umma ba ta juya baya ba.

Yanzu Umma ta rasu, ni ke gidanta a Katsina, kuma ina kewarsu su biyun, ita da Apa. Da gas nake girki. Amma duk baƙuwar da ta tare a layinmu, ba na aika mata abinci. Zuwa nake in ɗauko tukunyarta.