Muhtari Magini da Tafukan Hannu a Bangon Zaure

Da an idar da sallar Asuba, Muhtari magini zai naɗe ƙafar wando ya shiga kwaɓin ƙasa. Haka na san shi a Kaura Namoda tun ina saurayi, haka yake yau da furfurarsa. Ni ba na yabon mutane barkatai, don yawancinsu ba su cancanta ba. Shi ya cancanta.

Bara magadan wani tsohon gidan ƙasa suka ba shi gyara don su sayar. Kakansu attajiri ne, bayinsa suka gina gidan. Muhtari ya canza azarar da gara ta ci, ya tayar da soron da ya rufta. Da ya kankare yaɓen zaure, sai ga tafukan hannu birjik a jikin bango, manya da ƙanana, na waɗanda suka yi yaɓen farko.

Misbahu, babban magajin, ya ce, "Baba, shafe su da siminti. Wa zai sayi gida mai tona asirin kakanmu?"

Muhtari ya ce, "Ɗana, kakata na cikin waɗanda sunka kwaɓa ƙasar wanga gida. Ko kabarinta ba mu sani ba. In siminti kaka so, nemi mai siminti."

Ya kwashe kayan aikinsa ya tafi, alhali ba shi da wani aikin a hannu.

Da labari ya kai wa Goggo Hafsat, ƙanwar mahaifin Misbahu, ta zo tana dogara sanda. Ta daɗe tana duban bangon, sannan ta juya ga Misbahu ta ce, "Kai marar kunya! Masu hannuwan nan su sunka goye ubanka. Tai ka ba Muhtari haƙuri."

Ya je, ya ba shi. Muhtari ya dawo ya ƙarasa gyaran, ya bar tafukan yadda suke.

Yanzu gidan na kasuwa, tsaf da shi. Duk mai saye da ya zo, Misbahu da kansa ke fara kai shi zaure, ya gaya masa cewa ba a taɓa wannan bango. Wasu sun juya, wasu suna ciniki. Hankalina kwance yake.

Muhtari, kai ne maginin da ya ƙi binne mutane sau biyu. Mun gode, Allah ya saka maka da gidan Aljanna. Ku kuma masu sana'a, ku koya: akwai aikin da ake ƙi, ko da tukunyar gida ba ta hau wuta ba.