Rariya da Shagon Yayarsa

A ofishin kamfanin takalma ba mai kiransa da sunan yanka. Rariya ake ce masa, kuma yana amsawa, in ya ji ke nan. In ka leƙo ka gan shi, haɓa a tafin hannu, ido a kan taga, shayi ya huce har ƙuda ya yi iyo ya fita, sai ka rantse wani babban nazari yake. Ina! Mafarki yake ido biyu.

Tun yana ƙarami haka yake. Mahaifiyarsu ta rasu yana rarrafe, Yaya ce ta goya shi. In ta ba shi tankaɗen gari ta juya baya, sai ta dawo ta tarar ya ɗaga rariyar sama yana kallon rana ta cikin hudojin, gari kuwa ya yi masa hula.

"Kai, garin zan tankaɗe ko kai?" in ji ta.

Da ya girma ya koyi kwamfuta, sai Allah ya haɗa shi da aikin da ya dace da shi: tankaɗe dai, amma ba gari. Kamfanin yana da shaguna a unguwanni daban-daban. Duk takalmin da aka sayar, labarinsa yana shigowa kwamfuta, shi kuma Rariya ya gina allon da ke nuna shi a ɗakin taro. Ga sanduna a jere, kowane shago da tasa, mai ciniki tasa doguwa. Ga da'ira an yayyanka ta kamar kankana, yanki na takalman yara, yanki na masu tsini, yanki na silifa. Ga ranakun mako a ƙasa.

Abin da ya fi so shi ne allon yana jin magana. Ka taɓa yankin silifa, sai komai ya motsa: sandunan su miƙe ko su durƙusa, kowace tana faɗin silifa kaɗai. Ka ƙara taɓa Litinin, sai ya zama silifar Litinin kaɗai. Rariya a kan rariya. Can sama akwai wani siririn layi da ke rubuta abin da aka tace, a gefensa maɓallin da ke mayar da komai yadda yake.

"Ba a zubar da komai ba," haka yake faɗa wa duk wanda ya tsorata. "Ɓoye su aka yi, suna nan suna jira."

Matsalar, mutumin nan ba ya barin aikin a ofis. A cikin bas sai ya tace titi. Ya cire hon, ya cire masu sauri, ya bar masu rawayar riga kaɗai, sai gari ya koma shiru, mutane ƙalilan suna shawagi kamar furanni a kan ruwa, har sai yaron mota ya daka masa tsawa. Wani lokaci shekarunsa yake tacewa. Ya zaɓi ƙuruciya, ya zaɓi safiya, ya zaɓi ɗakin girki, sai hannuwan Yaya su rage, fari fat da gari. Ya sha gwada neman fuskar mahaifiyarsa ta haka. Allon kansa sai ya fito wayam. Abin da ba a zuba ba, rariya ba ta ba da shi.

To, sai Madam, mai kamfanin, ta ce shagunan sun yi yawa, ɗaya zai rufe. Kowa ya san wanda ake harara: ƙaramin da ke tsakanin makarantar firamare da asibiti. Wanda Yaya ke riƙe da shi tun Rariya bai fara aske gemu ba.

Ya je wurinta da yamma yana zazzare ido. Ta kalle shi sau ɗaya ta gano shi.

"Kada ka kuskura ka ƙara mini ko silifa ɗaya a allon nan naka."

"Ni na ce zan ƙara?"

"Goshinka ya ce. Ni na wanke shi, na san rubutunsa."

Ranar taro aka hallara. An kawo sabon allo, irin wanda ake taɓawa da hannu, Madam kuwa mace ce da ba ta iya magana sai da yatsa. In ta ce "wannan", sai ta dangwale shi, ko takarda ce ko ƙirjin direba. Tsohon allon ya sha dangwala bai taɓa cewa uffan ba.

Ta miƙe, awarwaro na ƙara. "Ku duba masu tsini, su ne darajar kamfanin nan." Ta dangwali yankinsu. "Ku duba ƙarshen mako, nan kasuwa take." Ta dangwala. Sannan ta juyo kan sandunan, ta yi tsaki.

"Kun gani? Shagon nan ya mutu, jana'iza kawai yake jira."

Rariya fa? Yana can wajen taga. Wani girgije ya ɗauki siffar takalmin soja, yana jira ya ga ko ɗaya ƙafar za ta biyo baya. Sai da mai kula da sito ya taka shi a ƙarƙashin tebur.

"Malam, sauko ƙasa, ana binne yayarka."

Ya dubi allon. Sandar Yaya ta kwanta shame-shame kamar tabarma. Shi da ya gina abin da hannunsa, sai da ya yarda na ɗan lokaci. Ya hango ƙofar shagon da kwaɗo, ya hango Yaya zaune a gida tana ninke hannu, abin da bai taɓa gani ba. Sai idonsa ya hau siririn layin sama: masu tsini, ƙarshen mako. Wa zai sayi takalmi mai tsini a ƙofar firamare ranar da ba makaranta?

Saura faɗa. Madam ba a ce mata ta yi kuskure, wanda ya gwada na ƙarshe yanzu kaji yake kiwo.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "yatsanki ne."

"Me yatsana ya yi?"

"Albarka gare shi. Duk abin da ya taɓa, allon sai ya kori sauran don girmamawa."

Mai sito ya cusa baki cikin hula. Madam ta dubi yatsan, ta dubi Rariya. Ya nuna mata maɓallin sama, ta danna. Sandunan suka yi miƙa kamar waɗanda aka tasa daga barci. Ta Yaya ma ta tashi. Ta tashi, amma ita ce gajeriya a layin.

"To, ga shi ba yatsa," in ji Madam. "Har yanzu ita ce auta."

Gaskiya ne. Rariya ya nuna da'irar. "A taɓa yankin yara, ranki ya daɗe."

Ta taɓa. Manyan sandunan suka durƙusa, ta Yaya ta yi sama har tana neman fasa allon.

Madam ta ƙanƙance ido. "Ba yayarka ce a can ba?"

"Yayata ce. Amma yatsanki ne."

Ta share, ta taɓa wani yankin da kanta, na takalma marasa tsini da ma'aikatan asibiti ke sawa. Yaya ce a gaba. Ta share, ta sake taɓa wani. Taro ya watse a zaune, Madam ta samu abin wasa. Da ta gaji ta yanke hukunci: shagon zai zauna, amma na yara da masu aikin tsayuwa kaɗai, a kwashe duk mai tsini. Wanda zai rufe, wani ne da ke titi ɗaya da wani shagon kamfanin, a haɗe su wuri guda.

Rariya ya tafi kai albishir yana jin kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ya tarar da Yaya durƙushe gaban wata yarinya, tana danna babban yatsa a kan bakin takalmin don ta ji inda ƙafar ta tsaya. Ta saurare shi har ƙarshe ba ta ɗago ba. Sannan ta dubi taga, inda wani jan takalmi mai tsini ya yi shekara da shekaru a tsaye. Ba wanda ya taɓa tayawa, amma kullum da safe sai ta goge shi.

"Wato ka tace mini jan takalmina."

"Yaya, ba a zubar ba. Sito za a kai shi."

"Rufe mini baki." Ta miƙa masa tsumma. "Goge shi kafin su zo."

Ya ɗauko takalmin ya zauna a ɗan bencin yara, gwiwoyinsa har kunne. Rana ta ratso ta ramukan igiyar takalmin ta zuba ɗigo-ɗigo a kan hannun Yaya. Ya ɗaga shi sama kaɗan don ɗigon su ƙaru, tsumman kuwa tuni ya faɗi ƙasa.