Ranar da Muka Ɓoye wa Kawu Ajinmu

Da kakar bana Kawu Lawali ya cika shekara huɗu da rasuwa. Ba a kalanda na duba ba. Ranar da aka kai shi makwancinsa ana cikin yankan kara a gonaki, mu kuma 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, an ce kowa ya kawo dami ɗaya a ɗaura aji. Bana ma na kai nawa damin. Ina ɗauke da shi, ƙaiƙayi na zuba mini a wuya, na wuce ta ƙofar gidansa, na ga kujerarsa ta ƙarfe tana nan a zaure, an ɗora mata buhun wake.

Kawu ƙanen Innata ne, kuma ɗan majalisar dokoki ne a Yamai. A Madarunfa ba a cika kiran sunansa ba, Dipite ake cewa, wato ɗan majalisa. Ni ba mai magana ba ce, in baƙi suka shigo gida bayan ƙofa nake laɓewa, don haka yawancin abin da na sani game da shi da ido na san shi. Na san yakan cire hula ya ɗora a gwiwa in zance ya yi nauyi. Na san yakan yi ɗan gajeren tari kafin ya yi tambaya. In ana watsa zaman majalisa a rediyo muna tsakar gida, da an ji tarin nan sai Inna ta ajiye tsintsiya ta ce, "To, ga naku nan zai fara."

Ba kowa ne ke jin daɗinsa a gari ba. Mutane sun ga 'yan majalisar wasu wurare na dawowa da shinkafa da sukari in azumi ya kama, nasu kuwa ba ya dawowa da komai sai labarin tambayoyin da ya yi. Wata rana na kai ruwa zaure na tarar da wani Alhaji mai canjin kuɗi a Ɗan Isa yana tsokanarsa.

"Dipite, tambayar nan taka da miya ake cinta ko da mai da yaji?"

Kawu ya yi dariya, ya ce aikin da aka tura shi ke nan. Gwamnati ta kawo kasafin kuɗi, majalisa ta amince, daga nan dole wani ya bi sawun kuɗin ya ga inda suka sauka. "In ban tambaya ba, Alhaji, wa zai tambaya? Kai kana bakin iyaka kana lasar yatsa kana ƙirga naira."

Wanda bai taɓa zama ajin kara ba zai yi wuya ya gane abin da ya dame shi. Ba a fara karatu sai an girbe hatsi an samu kara, don haka 'yan birni sun yi nisa kafin mu buɗe littafi. Ruwan farko na sauka, shekara ta ƙare. Tsakanin nan rana na shigowa ta kafofi tana yi wa allo zane, awaki na cin bango ta waje, mushe, malaminmu, yana koyarwa yana korarsu. Ko mai tuyar ƙosai ba a bari ta hura wuta kusa da mu.

Ina firamare aka sa lakwal ɗinmu cikin kasafi, aka ce za a gina mana azuzuwan siminti. Ɗan kwangila ya zo, aka haƙa tushe, aka ɗora bulo har ƙugun mutum, sannan motarsa ta tafi ba ta dawo ba. Ciyawa ta cika kangon. Sai Kawu ya sa aka kira minista gaban majalisa ya yi bayani. Mun ji a rediyo. Minista ya ce bisa takardun da ke gabansa an gama aiki, yara ma suna ciki. Sai muka ji tari.

"Ɗiyar yayata tana wannan lakwal, kuma a ƙasa take zama. In ba ku yarda da ni ba, ku zo ku gani."

Inna ta juyo ta dube ni. Na sunkuyar da kai kamar duk ƙasar ce ke kallona. Majalisa ta yarda za ta aiko 'yan kwamiti su gani da idonsu. Abin da Kawu ya sa a gaba ke nan: in suka ga kango, dole a nemi kuɗin a ƙarasa ginin. In ba su gani ba, shi ne ya yi ƙarya a gaban ƙasa, mu kuma mu ci gaba da zama cikin kara.

Ya bugo wa Babana waya, don Baba ne shugaban iyayen yara. Wayar Baba na da ƙara, na ji komai. "Yaya, ku bar komai yadda yake. Kada ku wahalar da kanku." Baba ya ce to. Da ya kashe, ya dubi Inna ya ce, "Kin ji ƙanenki da kunya. Manyan ƙasa za su zo garinsu, wai kada mu yi komai."

A wurinmu haka ake ji. In baƙo ya ce kada a yi masa girki, lokacin ne ake aika yaro ya kamo kaza. Kuma ba a barin baƙo ya ga inda gida ya yage. Ina so masu karatu su san wannan: ba wanda ya ba iyayenmu ko dala. Ɗan kwangila bai roƙe su ba, bai ma san suna yi ba. Sun yi ne don kada ɗansu ya ji kunya gaban abokan aikinsa.

Kusa da lakwal akwai ma'ajiyar ƙungiyar manoma. Aka kwashe buhunan taki, aka shafa farar ƙasa, aka zana allo a bango. Baba ya ɗaura shanunsa a amalanke ya yi ta jigilar bencina daga wata makaranta a hanyar Gabi. Ajujuwanmu na kara, da ma sun tsufa sun zube gefe, aka kwance su aka share wurin. Kangon kuma aka kewaye shi da sabon zana, ya koma kamar gidan wani. Aka zaɓi yara masu kaya masu kyau, sauran aka ce su huta a gida. Ni aka sa ni a sahun gaba, tunda ɗiyar Dipite ce.

Ranar na fara zama kan benci. Ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Ɗakin na warin taki da ɗanyar farar ƙasa. Da na leƙa ƙarƙashin tebur na ga sunan wancan ƙauyen da shuɗin fenti.

Baƙi sun iso bayan azahar, an riga an ciyar da su kifin tafki har sun yi nauyi. Ta taga na ga Kawu ya fara saukowa daga mota. Ya nufi inda ajujuwanmu suke, ya tsaya. Ba komai a wurin sai yashi da sawun tsintsiya. Ya cire hula. Aka jawo su zuwa ma'ajiya, muka miƙe muka gaishe su da murya ɗaya kamar yadda aka koya mana. Wani ɗan majalisa mai ƙiba ya ƙwanƙwasa tebur ɗina da zobensa.

"Lawali, in wannan ne zaman ƙasa, ku ara mana shi mu kai garinmu."

Aka yi dariya. Kawu ya yi tari, ya ce, "Ba nan ne ajinsu ba."

Sai Baba ya matso yana murmushi, gumi na bin goshinsa, ya kama hannun Kawu da hannu biyu. "Nan ne mana, Lawali. Kai ne ka daɗe ba ka zo ba. Baƙi sun sha rana, a bari su huta." Dattawan da ke bayansa duk suka gyaɗa kai, har da wanda ya yi wa Kawu huɗuba ranar da aka haife shi.

In Kawu zai ci gaba, sai ya ƙaryata mijin yayarsa da dattawan da suka raine shi, a gaban baƙi, a gaban 'ya'yansu. Zanan da ya rufe kangon yana nan, taku kaɗan ne daga ƙofa. Na ga ya dube shi. Sannan ya dubi ƙafafuna suna lilo. Ya mayar da hularsa.

Da la'asar ya shigo gidanmu. Baba na cike da farin ciki ya ce, "To Dipite, mun fitar da kai kunya ko ba mu fitar ba?"

"Kun fitar, Yaya. Har minista kun fitar."

Inna ce ta fara ganewa. Ta ajiye ludayi ta shiga ɗaki. Washegari aka mayar da bencina, aka mayar da taki. Mu kuma tunda an kwance karanmu, a gindin itacen bedi muka ƙarasa shekarar.

Kwamiti ya koma ya ce ya gani da idonsa. Kawu bai bari ba, ya ɗauki hoton kangon ya sake tayar da maganar, aka ce masa an riga an rufe wannan batu. Daga baya in ya yi tari a rediyo sai mu ji wasu na dariya a bayansa. Shekarar da ta biyo ciwo ya kama shi, aka kai shi Maraɗi, ba a dawo da shi da rai ba. Ban taɓa jin ya zargi Baba ba, ko da wasa.

Yanzu ina kwaleji, bana zan yi jarrabawar fita. Ajinmu na kara ne. Duk sanda aka nema wa tsohuwar lakwal ɗinmu gini, sai a ce tana cikin waɗanda aka gama. Kangon ma ya ragu, don 'yan makaranta sun ciccire bulon, shi ne kujerunmu. Nawa yana da ɓaraka a kusurwa ɗaya, ina shimfiɗa masa tsohon kwali.

Majalisar da Kawu ya zauna cikinta an rufe ta. Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. Ni ban san siyasa ba. Na dai san a da akwai wurin da mutum ɗaya zai ce ina abin yake, minista ya miƙe tsaye ya amsa. Yanzu in aka ce an kashe kuɗi a kanmu, ban san ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai, ko lokacin da ƙofar ke buɗe, da idon majalisa ya zo har gida mu muka rufe shi, da hannunmu, kuma da ƙauna. Na nemi wanda zan yi fushi da shi na rasa. Ɗan kwangila ban san fuskarsa ba. Baba kuwa sai da ya kwana biyu yana ciwon baya saboda bencinan nan.

Makon jiya daraktan makarantarmu ya ce baƙi za su zo daga Maraɗi duba makarantu. A share fili, kowa ya kai bulonsa bayan zana. An kuma aiko wa Baba ana neman amalanke. Ya ce to, don ba ya iya ce wa darakta a'a. Na same shi zaune yana kallon shanu, ya ce, "Ke mai ido, me kika gani?"

Na ce, "Baba, Kawu cewa ya yi a bar komai yadda yake."

"Na ji shi," in ji Baba. "Tun ranar nake jin shi." Sannan ya tashi ya shafa wa ƙafar amalanke mai.

Kawu bai bar gini da sunansa ba. Abin da ya tsaya a kai bai yiwu ba, kuma waɗanda suka fi sonsa ne suka kayar da shi. In na auna, abin da ya rage mini nasa ƙarami ne, magana ɗaya ce: ku zo ku gani. Ita ce na ga kowa na iya faɗa, ko ba ya majalisa, ko da bai buɗe baki ba.

'Yan ajinmu sun kwashe nasu bulon tun jiya. Nawa yana nan a sahu na biyu, da kwalinsa. Ban san ko zan iya ɗaga kai in baƙin suka shigo ba, na san halina. Amma a kansa za su same ni.

Allah Ya jiƙan Kawu Lawali, Ya haskaka kabarinsa.