Aikin Ƙasa a Gonar Surukina

A shekarar da tankar fetur ta kife a gefen gonar surukina ba ni da aikin yi. Kamfanin da nake yi wa aikin akawu a Kaduna ya rufe, na kwaso matata da yaranmu muka dawo Ikara, gidan mahaifina, muka raɓe a ɗaki ɗaya da rumfa. Kullum da safe sai in sa riga mai guga in fita, in zauna a shagon wani abokina mai cajin waya har azahar, in dawo gida kamar wanda ya taso daga ofis.

Surukina manomi ne a wani ƙauye kusa da Gubuchi. Dattijo ne marar yawan magana, yana da fadama a bakin titi inda yake noman rake da albasa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa ko shan ruwa a gabansa ba. In na je gaishe shi, tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, in yi gaisuwata kaina a ƙasa. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini. Lokacin aurenmu ya gaya wa danginsa cewa ya ba da 'yarsa ga ma'aikaci. Ya ji labarin rufe kamfanin, amma bai taɓa tambayata ba.

Tankar ta faɗi ne da rana tsaka, bayan an gama girbi. Allah ya tsare wuta ba ta tashi ba. Mutane sun kwashi abin da suka iya da bokitai da jarkoki, sauran ya gangara cikin fadamar, ƙasa ta shanye. Da na je jaje na tarar da ganyen rake ya yi rawaya, ruwan rijiyar ban ruwa yana ƙyalli kala-kala, wari kuwa tun daga titi yake hawa wa mutum kai. Na ce, "Allah ya mayar da alheri, Baba." Ya ce, "Amin, Malam. Ya yaran?"

Da zafin bazara ya shigo, hukuma ta tilasta wa mai tankar ya kawo masu gyara ƙasar. Abokin nan nawa mai caji ne ya gaya mini suna neman leburori, musamman waɗanda suka iya karatu, saboda akwai dokokin aiki da za a bi. Na kwana ina juya maganar. Washegari na gaya wa matata.

Ta ce, "Ka je mana. Baba ba zai ce komai ba."

Na ce, "Ai shi nake tsoro. Da zai yi magana da ya fi mini sauƙi."

Ta ci gaba da tankaɗen garinta. Na kalli garin, na ga iyakarsa ke nan a gidan. Na tafi.

Shugabar aikin wata injiniya ce daga Zariya, mace mai matsakaicin shekaru, ba ta ɗaga murya amma ba ta maimaita magana. Ta sa aka zagaye wurin da igiya, ta tara mu ta yi mana bayani. Ta ce fetur ba ya zama wuri ɗaya a cikin ƙasa, tururi yake zama ya cika ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, kuma tururin ya fi iska nauyi, don haka a gindin rami yake taruwa. Ƙasar sama za mu haƙe ta mu baza a kan leda mai kauri, mu cakuɗa da takin shanu da buntun shinkafa, mu riƙa juyawa muna yayyafa ruwa, har iska ta kwashe wani, ƙwayoyin halittar da ke cikin takin su cinye sauran. Wanda ya nutse can ƙasa kuwa, za a kafa bututu masu huji-huji, a haɗa da inji ya riƙa zuƙo tururin yana bi da shi ta cikin durom-durom na gawayi. Ta raba mana dogayen takalman roba, da safar hannu, da takunkumi mai rufe hanci da baki. Ta ce a cikin igiya ba ashana, ba sigari, ba zama ko durƙuso a ƙasa, kuma ba mai cire takalmi ko takunkumi sai a wurin wanki da ke can ƙarshen gona.

Ba mu daɗe da fara haƙa ba na hango surukina tafe da tabarma a hammata. Injiniya ta nuna masa gindin wata tsamiya ta ɓangaren da iska ke fitowa, ya shimfiɗa ya zauna. Na ajiye shebur na nufi bakin igiya, hannuna ya kai ga takalmi ba tare da na yi tunani ba. Sai na ji muryar injiniya a bayana: "Malam, takalminka."

Haka na gaishe da uban matata a tsaye, da takalmi har gwiwa, fuskata a rufe. Na ɗan rusuna iyakar yadda zan iya, muryata ta fito kamar daga cikin tulu. Ya ɗaga hannu ya ce, "Sannunku da aiki." Yadda ya ce wa kowa.

Na koma wurin sheburina ina zufa biyu. Sai wani tunani ya zo mini, cewa wataƙila bai gane ni ba. Dukkanmu kaya iri ɗaya muka sa, ido kaɗai ake gani. Na riƙe wannan tunanin da hannu biyu. Da na gaya wa matata da yamma, dariya ta yi ta ce, "Mutumin da yake gane akuyarsa a cikin garke daga nesa? Ko tafiyarka ai ta isa." Na yi kamar ban ji ba.

Kullum sai ya zo. Yana zaune yana jan carbi, yana kallon yadda muke fasa ƙasar da ya gada daga mahaifinsa, muna kwasarta a baro muna zubewa a kan leda. Ƙasar baƙa ce mai kyau, amma in ka ɗaga shebur sai ka ga iska tana rawa a kanta. Injiniya tana yawo da wata 'yar na'ura a hannu, in ta kara ta kusa da ƙasa sai ta yi ta ƙara. Warin kuma ya bi ni ko'ina duk da wankan da muke yi. A motar komawa Ikara mutane sukan zuge gilashi, a masallaci na taɓa jin wani yana tambayar wa ya shigo da jarka.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin cin abinci. Daga gidan surukina ake aiko wa ma'aikata da fura ko dambu, kuma wurin da muke wanke hannu mu ci yana kallon tsamiyar nan. Abokan aikina sun riga sun san ko ni wane ne, sukan tsokane ni da surukin mai gona. Nakan ɗauki rabona in zagaya bayan motar aiki in ci a tsaye. Ranar da motar ba ta nan, sai in ce na ƙoshi.

Ranar da abin ya faru motar ta tafi ɗauko taki daga rugar Fulani, don haka ban ci komai ba tun karin safe. Rana ta take sosai. Ni aka tura cikin rami mafi zurfi, wanda ya kusa kai mini kafaɗa, ina gyara wurin da za a kafa bututu. Sai na ji muryar surukina a kusa, kusa fiye da yadda ya taɓa zuwa. Na ɗaga kai na gan shi a bakin igiya tare da wani tsoho mai rawani, yayansa da ke zaune a Likoro, wanda shi ya karɓi sadakina.

Surukina ya ce, "Malam, ga babanku ya zo duba gona. Fito ku gaisa."

Ashe tun ranar farko ya sani. Kunya ta rufe ni har na rasa abin yi. Manya biyu suna tsaye a kaina, ni kuma ina cikin rami da fuska a rufe. Na ga ba zai yiwu in amsa musu ta cikin roba ba. Na janye takunkumin zuwa wuya, na durƙusa a gindin ramin, na fara gaisuwa. Gaisuwar tsohon doguwa ce. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi mahaifina, ya tambayi gajiya, ina amsawa ina shaƙa. Na ji wani zaƙi-zaƙi a maƙogwarona, kunnuwana suka fara kuka. Na yunƙura zan miƙe, bangon ramin ya juya. Daga nan ban san abin da ya faru ba.

Da na farfaɗo, ganyen tsamiya na fara gani. An tuɓe mini riga da takalmi, an jiƙa ni da ruwa. Kaina yana kan cinyar wani, ana yi mini fifita da hula. Na juya ido na ga gemun surukina. Na yi ƙoƙarin tashi, cikina ya murɗa, na kelaya amai a kan farar rigarsa, tun daga ƙirji har cinya.

Bai ko motsa ba. Ya dafa goshina ya ce, "Yi a hankali. Fitar da shi duka."

Daga baya abokan aikina suka ba ni labari. Sun ce kafin kowa ya ankara dattijon ya tsallake igiya da silifas ɗinsa, ya kwanta a bakin ramin ya cafko wuyan rigata, yana kiran a taimaka. Su suka fito da ni, amma shi ya ƙi sakina har gindin bishiya.

Injiniya ta duba idona da numfashina, ta sa aka kawo ruwa da sabulu aka wanke wa surukina ƙafa da hannu. Sannan ta tsaya a kaina, a gaban kowa, ta ce, "Na gaya muku inda tururin yake taruwa. Da ba a gan ka da wuri ba, da gawarka za mu fitar, wataƙila da ta Baba." Ta juya wurinsa ta rusuna ta ce, "Baba, don Allah kada a sake kiran ma'aikaci yana cikin rami." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifina ne, 'yata. Ba za a sake ba." Jin dattijo kamarsa yana ba da haƙuri saboda ni, ga rigarsa a ɓace, ya fi mini aman ciwo. Aka sa ni a babur zuwa asibiti a Maƙarfi, aka ƙara mini ruwa, aka ce in huta.

Na ce wa matata ba zan koma ba. Na ce gara in yi dako a kasuwar Ikara kowa ya gan ni. Ba ta yi gardama ba. Ta je gidansu ta yini, ta dawo da ƙullin kuka da daddawa, ta ce, "Inna ta ce a gaishe ka. Ta ce Baba ya ce ƙafarsa tana damunsa, ba zai ƙara zuwa gona ba sai an gama aiki."

Na ce, "Wace ƙafa?"

Ta ce, "Haka dai ya ce."

Na koma. Gindin tsamiya babu kowa, kuma haka ya zauna har ƙarshen aikin. Fura ba ta daina zuwa ba. Na riƙa ci tare da mutane, amma loma ba ta wuce mini da daɗi, don na san mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi zuwa fadamarsa yana zaune a zaure saboda ni. Muka yi ta juya ƙasa safe da yamma. Injin yana ta gurnani, ana canza gawayin durom in ya ƙoshi. Sannu a hankali ƙarar na'urar injiniya ta ragu, har ta kai sai an tura ta cikin bututu take ɗan yin motsi. Wata safiya na ɗaga shebur na ga tsutsar nan da ake kira tana a cikin ƙasar, tana mutsu-mutsu. Na kira injiniya na nuna mata, ta yi murmushi ta ce mun kusa.

Kafin ruwan farko muka mayar da ƙasar ramukanta muka baje. Ranar da za a miƙa gona, ni injiniya ta aika in kira mai ita. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar guga. Na gaishe shi, na isar da saƙo, ya tashi muka taho, shi a gaba ni a baya, tafiyarsa garau. Injiniya ta gaya masa kada ya yi ban ruwa da tsohuwar rijiyar, an cike ta, kuma a daminar farko ya shuka abin da ba za a ci ba, sai an sake gwada ƙasar. Ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya murza, ya kai hanci, ya daɗe yana shinshinawa. Ya ce zai zuba rama, ko igiya a samu.

Kamfanin ya tafi da ni wani aikin a wajen Kudan, inda tankin wani gidan mai ya yi yoyo, daga nan na zama mai kula da kayan aikinsu. Fadamar yanzu masara ake yi a cikinta, bai koma rake ba. Ni da surukina ba mu taɓa tayar da maganar ranar nan ba. In na je gaishe shi yakan tambayi aiki, in ce da godiya, sai ya ce a riƙa kula, ni kuma in rasa inda zan sa idona har in tashi.