Ranar da Na Shuka Wayar Mota

Ni ne mutumin da ya taɓa binne wayar mota cikin ƙasa, har ya ba ta ruwa kamar dashen tumatir. Gara in faɗa da bakina, don in taubashina ya riga ni, sai ya ƙara cewa har taki na zuba mata.

Motar ta surukina ce, mijin ɗiyata, mushe, wato malamin boko, a wata lakwal ta Magarya. Wata 'yar ja ce gajera, kujera biyu kacal, rufinta na baƙin yadi mai naɗuwa. Ubansa ya yi wa wani Bature tuƙi zamanin cinikin gyaɗa, da Baturen zai tafi ya bar masa ita. Da tsohon ya rasu, ita kaɗai ɗansa ya gada. Kujerar direba ta fata har ta lotsa daidai zaman marigayin, surukina kuwa kafin ya zauna sai ya shafa ta da tafin hannu.

Ran nan da damina ya zo garinmu Dungas zai wuce Yekuwa ta'aziyya. Yashin hanyar ya fi ƙarfinta, sai ya aje ta ƙofar gidana, ya durƙusa ya miƙo mini makulli. "Baba, ko rana za ta matsa mata, a sa a gusar da ita inuwa." Ya hau kabu-kabu ya tafi.

Ban yi lakwal ba sai ta leƙe, amma na taɓa gyara rediyo da tocila, shi ya sa nake ganin ni da kuran, wato lantarki, 'yan ɗaki ɗaya ne. Taubashina ya zo yana zagaya motar. "Kai bawana, an ce rufin nan da kansa yake buɗewa. Ko an hana ka taɓawa ne, mai gadi?" Kalmar mai gadin nan ce ta kashe ni. Na shiga na murɗa makulli, na danna wani maɓalli mai hoton rumfa.

Motar ta yi gurnani. Rufin ya ɓalle daga gilashin gaba, ya tashi a hankali kamar raƙumi zai miƙe. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Ya kai tsakiya, ya tsaya cak yana nuna sama. Na sake dannawa, fitilu suka yi mini ƙifta. Na danna baya, abin share gilashi ya kama kai da kawowa. Na bugi sitiyari don haushi, kilakson ya yi wani kuka irin na tsohuwar akuya ya yi shiru.

Matata ta leƙo daga zaure. "Malam, kafin ka gama kashe ta, dubi gabas." Na duba. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin.

Taubashina ya kira wani makanike na Magarya a salularsa, ya manna mini a kunne. Na zayyana masa komai. Ya ce, "Tsoho, mas ne ya saki." Na ce mene ne mas kuma? Ya ce, "Wayar ƙasa. Baƙar nan mai kauri da ta fito daga batir. Ka tabbata ta kama ƙasa da kyau, in ba haka ba kuran yawo zai riƙa yi." Daga nan rezo ya ɗauke, kiran ya katse.

To ni manomi ne. Tun da aka haife ni ƙasa ɗaya na sani, wadda ake shuka hatsi a cikinta. Na buɗe gaban motar, na ga baƙar wayar an ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe, notin ya yi tsatsa yana lilo. Na ce a raina, ga sakarcin nan, wa ya ɗaure wayar ƙasa a sama? Na kwance ta gaba ɗaya, na ƙara mata tsawo da wayar shanya, na tona rami da hauya na binne bakinta. Taubashina ya ce ƙasar ta bushe, ba za ta kama ba. Na karɓi butar alwala na tsiyaya.

Na danna maɓalli. Har fitilun da ke ƙiftawa suka mutu. Motar ta yi tsit kamar an zare mata rai, ni ma haka.

Iska ta iso, rufin da ke tsaye ya cika da ita yana kaɗawa, ƙarafansa na ƙara. Muka rirriƙe shi ni da taubashina, dariyarsa ta ƙare. Matata ta jefo tabarma, iska ta kai ta gonar maƙwabci. Ta kawo buhunan taki, suka bi tabarmar. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Da na rasa dabara sai na kwanta rub da ciki bisa kujerar marigayin, na baza babbar rigata. Ruwan ya bi ta wuyana, ta hammatana, ya taru a lotsawar nan, ina jin fatar tana shan sa a ƙarƙashina.

Bayan la'asar aka ɗauke. Kabu-kabu ya tsaya, surukina ya sauko. Ya ga rufin a tsaye. Ya ga uban matarsa jiƙe sharkaf yana ɗiga. Ya bi wayar shanya da ido har inda ta shige ƙasa. Duk da haka sai da ya durƙusa cikin taɓo ya gaishe ni, har da tambayar ya ruwa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ya tone wayar, ya goge bakinta, ya kankare tsatsar, ya mayar da ita jikin ƙarfe ya ɗaure tam. Taubashina ya kasa haƙuri ya tambaye shi. Ya amsa a hankali, idonsa ba ya kaina, wai ƙasar mota ƙarfen jikinta ne. Fitilu suka kawo. Ya danna maɓallin, rufin ya sauko ya rufe kamar bai taɓa yin gardama ba.

Sai ya buɗe ƙofa ya ɗora tafinsa bisa kujerar, yadda ya saba. Ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsunsa. Fatar ta yi baƙi ta kumbura, lotsawar ta shafe. Ya daɗe a haka. Matata ta koma ciki, taubashina ya tuna yana da aiki a kasuwa.

Na buɗe baki zan ba da haƙuri, ya riga ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, da ta fara buɗewa, ta yi kyau? Ni tun ranar da marigayi ya rufe ta da hannunsa ban iya danna wurin nan ba sai yau."