Ku Sauko da Zanen Mai Fenti Daga Kan Akurki

Kullum da hantsi Mai Fenti yakan ɗame yadi a jikin katako, ya matsa fentin mai a fasasshen faranti, warin kananzir ɗin wanke burushi ya cika layinmu. Shekara talatin ke nan. Ba ya zana mutum sai ya ishe shi da tambaya.

Matar marigayi direban tanka ta je masa, ba ta da hoton mijinta ko ɗaya. Bai tambayi tsawon hancinsa ba. Cewa ya yi, "Inna, idan ransa ya ɓaci me yake yi?"

"Shiru, kamar ruwa ya ci shi."

Da fenti ya bushe, sai ga mijin zaune a ƙarƙashin kogi, rigarsa ko jiƙewa ba ta yi ba, kifaye na fita daga aljihunsa. Matar ta leƙa bayan katakon, ta dawo gaba. "Wa ya gaya maka haka yake karkata wuya?" Dariya kawai ya yi. Ni ma har yau ina son jin amsar. Ungozoma kuwa ya zana ta da jarirai suna tsirowa a tafin hannunta kamar ganye.

Kai ne mai ganin cikin mutum, Mai Fenti. Ga sakayyar da aka yi maka. Ka kwanta asibiti aikin ido, damina ta sauka, wani mai wayon banza ya gano ruwa ba ya ratsa fentin mai. Maƙwabta suka shiga shagonka suka kwashe zane-zanen bango don yin rufi. Da idona na ga zanen ungozoma a kan akurkin wanzami, an danne shi da dutse. Na yi magana, wanzamin ya ce, "Haba Hajiya, aro ne fa. Su ma kaji ai 'yan kallo ne."

"Kai dai ba ka da ta ido," na ce masa.

Mun gode, Mai Fenti, Allah ya buɗe idon nan tar. Masu tasowa, ku koyi tambayar mutum kafin ku ce kun san shi.

Jibi za a kwance wa Mai Fenti bandeji, kuma ba zai tarar da bango tsirara ba. Kowa ya sauko da wanda ya ɗauka, ya goge, ya mayar. Wanda ya ƙi, na riga na ari tsani.