Baƙin da Waya ta Kawo wa Jatau

Malam Jatau mutumin Nahuce ne, amma rabin rayuwarsa a kan kwalta ya yi ta. Shekara ashirin da bakwai yana jan mota tsakanin Gusau da Tsafe, wani lokaci har Funtuwa, kafin ciwon baya ya sauko da shi daga kujerar direba. Abokan aikinsa sun san shi da hali guda: ba ya tayar da mota sai ya zagaya ya dubi kowane fasinja, ya dubi kayansa, har takalmin ƙafarsa. Wanda bai kwanta masa a rai ba, sai ya ce mota ta cika, ko da kujera biyu na nan a buɗe. An sha yi masa tsiya a tasha kan wannan, bai daina ba.

Abin da ya tara ya zuba shi a wani fili da ya saya a Damba tun babu komai a wurin sai gonakin dawa. Ya gina sashensa shi da matarsa Rabi, sannan ta bakin ƙofa ya ware ɗaki biyu da falo da banɗaki, don babban ɗansa idan ya yi aure. Ɗan ya yi aurensa a Kaduna ya zauna can. Sashen ya shekara biyu a kulle, gizo-gizo na ta saƙa a ciki.

Ɗiyarsa Mansura, wadda ke aikin jinya a Abuja, ita ta kawo shawarar da ta zo hutun salla. Ta ce akwai manhajar waya da matafiya ke neman masaukin 'yan kwanaki a cikinta, kuma Gusau ba ta rasa baƙi: ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, masu zuwa ɗaurin aure, masu sarin hatsi daga kudu. Ta share ɗakunan, ta sa labule, ta ɗauki hotuna tun daga ƙofar gida har banɗaki, ta ɗora. Jatau ya tambaye ta yadda zai ga mutum kafin ya ba shi makulli. Ta ce kamfanin manhajar ya riga ya tantance kowa. Ya tambaya wa ke tantancewar, a wane gari yake, ɗan gidan wa ne. Ta yi dariya ta ce Baba ya cika bincike.

Watannin farko sun tafi lafiya. Sai wani baƙo ya ba gidan tauraro biyu cikin biyar, wai zakaran maƙwabta ya hana shi barci, kuma an ɗauke wuta sau uku. Jatau ya so ya ba da amsa cewa ba shi ke ba gari wuta ba, Mansura ta hana, ta ce mai gida ba ya musu da baƙo a idon duniya. Bayan nan mutum ɗaya ya kama ɗakin, mutum biyar suka shigo, suka busa shisha har garwashi ya ƙona katifa. Da aka kai ƙara, amsa ɗaya ta yi ta dawowa da Turanci, kalma bisa kalma, har sau uku, sannan aka nemi hoton katifar kafin ta ƙone.

"Wa ke ɗaukar hoton katifa tun tana lafiya lau?" in ji Jatau. Shi ya sayi sabuwa.

Da wani ya nemi masauki da hoton zaki a madadin fuskarsa, Jatau ya sa aka soke. Kamfanin ya tura gidan can ƙasan jerin masaukai, wata guda cur waya ba ta yi motsi ba. Daga nan ya gane cewa a wannan mota ba shi da ikon cewa ta cika.

Cikin damina, wani mai suna Khalid ya kama sashen na kwana bakwai. Hotonsa na saurayi ne mai tabarau. Amma wanda ya yi sallama da hantsi dattijo ne da zai kai hamsin, hannunsa duk kanta irin ta mai riƙe fartanya, tare da wani dogon mutum. Ba su da jaka, sai leda guda. Dattijon ya ce sunansa Muhammad Sani, Khalid ƙanen matarsa ne da ke karatu a Zariya, shi ya kama masu wurin. Dogon kuma ƙanensa ne. Jatau ya tambayi daga inda suke, aka ce daga wajen Tsafe. Babu ƙauyen da ke kan wannan hanya da bai taɓa sauke fasinja a bakinsa ba, don haka ya nemi sunan garin. Dattijon ya ce cikin ƙauye ne can, ya miƙa hannu ya karɓi makulli.

Tun ranar Jatau ya fitar da kujerarsa zaure ya zauna da rediyo, yana yi kamar labarai yake saurare. Ya lura ba sa fita tare. In ɗaya ya fita, ɗayan na ciki da wata ƙaramar waya mai maɓallai, kuma da ta yi ƙara sai a ja taga a rufe. Masallacin unguwa na nan taku kaɗan, amma a ɗaki suke salla. Rabi ta aika masu tuwo da miyar kuka kamar yadda take yi wa kowane baƙo, kwanon ya dawo an ɗan taɓa gefe guda kawai.

Rana ta biyu dogon ya dawo daga kasuwa da kwali. Gindinsa ya yage a bakin zaure, kayan suka zube: katin waya ɗauri guda, magungunan zazzaɓi da na ciwon jiki, batura, da taba sigari. Jatau ya taya shi tsincewa yana kallon leɓensa da haƙoransa. Ba mashayin taba ba ne, haka ma yayansa. Rana ta uku suka turo sabon babur, ledar kujerarsa ma ba a cire ba, suka shigar da shi har falo.

Duk wanda ke zaune a wannan yanki ya san masu buƙatar irin waɗannan kaya, ya kuma san inda ake kai su: daji, wajen 'yan bindiga. Idan jami'an tsaro suka zo, ba kamfanin za su nema ba, ba kuma saurayi mai tabarau ba. Mai gida za su tasa a gaba, da furfurarsa, maƙwabta na leƙe.

Ya kira Mansura, ta rubuta wa kamfanin nan take. Amsar ta zo da la'asar. An ce idan yana jin akwai haɗari ya tuntuɓi hukumar yankinsa. Ba za a ba shi katin shaidar baƙon ba, domin sirrinsa ne. Idan kuma ya kori baƙo kafin kwanakinsa su cika ba tare da hujja ba, za a iya rufe masa shafi. A ƙarshe aka tambaye shi ko ya gamsu da taimakon da aka ba shi.

Bai gama jin fassarar daga bakin Mansura ba Malam Haliru mai unguwa ya yi sallama. Abokai ne tun ana gina layin, amma ranar bai zauna ba. Ya ce an ga babur, an ga kwali, mutane sun fara magana a teburin mai shayi. Ya ba shi zuwa gobe da azahar ya san ko su wa ya ajiye, in ba haka ba shi zai kai rahoto da kansa.

Washegari da hantsi Jatau ya shiga falon baƙin ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Ya shirya tambayoyinsa tun daga zaure, sai dai dattijon ya riga shi.

"Malam, tsakaninka da Allah, wa ka gaya wa muna nan?"

Jatau ya ce shi ya kamata ya yi tambaya, tunda gidansa ne.

"Jiya da sunka kira, sun gaya mini launin ƙofarka," in ji Muhammad Sani. "Sunka ce koriya ce, da bishiyar darbejiya a gefe."

Sannan ya ba da labarinsa da murya ƙasa-ƙasa, idonsa a kan wayar. Ya ce kwana goma sha tara ke nan da aka ɗauke matarsa Hafsatu a hanyar gona, a wani ƙauye bayan Bilbis. Ya sayar da shanunsa ya kai abin da aka nema, sai aka ce saura babur da waɗannan kaya. A gida duk maganar da ya yi da safe, kafin yamma ta isa daji, bai kuma san ta bakin wa take fita ba. Shi ya sa ya gudo birni. Otal za a rubuta sunansa, gidan ɗan'uwa za a yi ta zuwa jaje. Khalid ne ya ce akwai masaukin da ake kamawa ta waya, ba wanda zai san shi, ba wanda zai tambaye shi komai.

Jatau ya daɗe yana kallonsa. Ya taɓa jin irin wannan labari daga bakin mutanen da abin ya same su da gaske, har wasunsu ya ɗauka a motarsa suna kuka. Ya kuma ji cewa masu kai wa mutanen daji kaya, in an tare su, da wannan labarin suke kare kansu. Idon dattijon ja ne, amma tsoro ma na sa haka. Ya nemi sunan ƙauyen ko na mai garin, don ya san direbobin wannan layi kaf.

"In na faɗa, gobe an ji," in ji dattijon. "Ban san ka ba, Malam. Kai ma ba ka san ni ba."

Jatau ya ce gaskiya ne, amma ba zai iya ɓoye wa mai unguwa ba. Ya je ya taho da Malam Haliru, aka maimaita labarin a gabansa. Mai unguwa ya yi addu'ar Allah ya kuɓutar da baiwar Allah, sannan ya ce duk da haka wajibinsa ne ya sanar da hukuma, kuma ba shi da alkawarin da zai yi wa kowa. Jatau ya raka shi har kwanar layi suna shawarar wanda za a fara gani. Da ya dawo, babu babur, babu kwali, babu mutanen. Makulli na kan taga, an naɗe tabarmar salla an jingine ta a bango.

Rahoton ya shiga. An kira Jatau sau biyu ya yi bayani, ya nuna hoton mai tabarau, aka rubuta, aka sallame shi. Bayan mako guda saƙo ya shigo: Khalid ya ba gidan tauraro biyar, ya rubuta cewa wuri ne mai natsuwa.

Maganar ƙofar ce ta fi tsaya masa a rai. Ya koma yi wa kowa kallon zargi: mai shayi, da mai gyaran waya na kwanar layi, har da maƙwabcin da suke sahu ɗaya a masallaci. Da ya faɗa wa Mansura, sai ta ce ai hoton ƙofar da darbejiyar shi ne na farko a shafin, duk mai waya a duniya na iya ganinsa. Wannan bai sanyaya masa rai ba. A ranar ya ce ta sauke gidan daga manhajar. Sai da ta cika tambayoyi shafi uku kan dalilinsa, kuma har yau saƙo na shigowa cewa ana kewarsa.

Da ciwon bayan ya yi sauƙi, ya hau mota zuwa Tsafe ya zauna da tsofaffin abokansa a tasha, ya kawo zancen a fakaice. Wani ya ce tabbas an sako wata mata a wajen Bilbis cikin wancan makon. Wani ya ce sunan mijinta ba Sani ba ne. Na uku ya dube shi ya tambayi dalilin da ya sa yake son sani, daga nan hirar ta mutu, kowa ya koma kan wayarsa. Jatau ya sha ruwa ya kamo hanyar gida.

Yanzu wani mai sarin wake daga Kwatarkwashi ke sauka a sashen duk ranar da ya shigo kasuwa. Jatau ya san mahaifinsa, ya halarci ɗaurin aurensa. Duk da haka ranar da zai ba shi makulli sai da ya kira Malam Haliru ya zama shaida. Rabi kuwa har yanzu takan sa Hafsatu cikin addu'arta. Ta ce in akwai ta, ta samu, in kuma babu ta, akwai wata a can da ke buƙata.